Bangon da Ke Tallar Maganin da Babu Shi

A birnin York da ke arewacin Ingila, a kan wani titi da ake kira Lord Mayor's Walk, daura da tsohuwar ganuwar gari, akwai wani gida na jan bulo wanda ba shi da wani abin a-zo-a-gani in ban da gefensa guda. A wannan gefen an rubuta tallar wani magani da manyan baƙaƙe, wai shi Bile Beans. Tallar tana yi wa mai wucewa alkawarin cewa idan ya riƙa haɗiyar ƙwayar kowane dare zai samu ƙoshin lafiya, idonsa ya yi garau, ƙiba kuma ta guje shi. Duk wanda alkawarin ya burge har ya tashi neman maganin zai sha yawo a banza, domin an daina yin sa tun cikin shekarun 1980. Bangon dai bai daina talla ba. Sau biyu rubutun yana dusashewa ana sabunta shi, a 1986 da kuma 2012, kuma a karo na biyun mutanen gari ne suka yi karo-karo aka biya masu fenti.

York ba gari ba ne mai yunwar tarihi. Rumawa ne suka kafa shi a shekara ta 71, babbar majami'arsa kuwa an kammala ta tun 1472. Garin da ke da irin wannan gado, me zai sa ya tara kuɗi don ceton tallar maganin wankin ciki?

Tambayar tana ƙara nauyi idan aka san asalin maganin. Wani ɗan Kanada mai suna Charles Fulford da abokin cinikinsa Ernest Gilbert ne suka fara sayar da shi a Ostareliya a ƙarshen shekarun 1890, suka shigo da shi Ingila a 1899. Sunan yana nufin waken maɗaciya. Labarin da suka yaɗa shi ne wai wani shahararren masanin kimiyya, Charles Forde, ya gano wani tsiro na sirri a wurin 'yan asalin Ostareliya, da shi ake haɗa ƙwayar. A 1905 kamfanin ya kai wani mai kantin magani na Edinburgh ƙara don yana amfani da sunan. A gaban alƙali asiri ya tonu: babu wani masani mai suna Forde, babu tsiron sirri, kayan haɗin duk na kowa da kowa ne. Kotu ta kori ƙarar bisa hujjar cewa ba za ta kare sunan da aka gina a kan yaudarar jama'a ba, ɗaukaka ƙara ma ba ta sauya komai ba. Duk da haka aka ci gaba da sayar da ƙwayar kusan shekara tamanin bayan hukuncin. Wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya saurari mai magani da lasifikarsa, yana lissafo basir da shawara da ciwon baya duk a kwalba ɗaya, ba zai yi mamaki ba.

Ashe ke nan ba darajar hajar ce mutanen York suka biya wa kuɗi ba. Wani abu ne daban, kuma fahimtarsa ita ce mabuɗin wata muhawara da ake yi a garuruwa da yawa na Turai da Amurka kan irin waɗannan rubuce-rubuce, waɗanda masu jin Ingilishi suka laƙaba wa sunan da ma'anarsa ita ce fatalwar talla.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20, bangon gida shi ne talabijin ɗin talaka. Kamfani kan nemi gidan da gefensa ke fuskantar titi mai cunkoso ko hanyar jirgin ƙasa, ya biya mai gida haya, wani lokaci kuma ladan ba ya wuce a rubuta masa sunan kantinsa kyauta a saman tallar. Masu aikin, waɗanda a Amurka ake yi wa kirari da karnukan bango, suna rataye ne a kan katako da igiya, hawa uku ko biyar daga ƙasa. Wasu kan zana baƙaƙen a babbar takarda, su bi layin da huji-huji, su manna ta a bango su bubbuga mata ƙunshin garin alli ko na gawayi, sai siffar ta fito ɗigo-ɗigo. Gwanaye kuwa layukan bulo kawai suke ƙirgawa su san inda kowane harafi zai fara da inda zai ƙare. Mutum yana taku ɗaya daga bango yana rubuta harafin da ya fi shi tsawo, wanda sai daga can nesa za a ga ko ya miƙe.

Abin da ya sa aikinsu ya daɗe shi ne abin da ya cuce su. Suna dama fentinsu ne da farar dalma da mai, bulo kuma yana da ƙananan ƙofofi, sai ya tsotse haɗin ya riƙe. Jan launi da shuɗi kan riga tafiya, farin ya zauna. Shi ya sa akasarin waɗannan tallace-tallace suka koma fari-fari kamar hazo. Shi ya sa kuma idan aka yi talla a kan talla, ta sama ta koɗe, ta ƙasa ta leƙo, har a ga sunaye biyu ko uku sun sarƙe, kamar allon da aka wanke aka sake rubutu amma tabon tsohuwar tawada bai fita ba. Dalmar nan ita ce ta riƙa sa masu fenti murɗar ciki da shanyewar hannu. Ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tuna ɗaruruwan yaran da gubarta ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010. Amurka ta hana amfani da irin wannan fenti a gidaje a 1978, amma kafin nan sana'ar ta riga ta ja baya: allunan takarda sun fi araha da saurin sauyawa, fitilu masu launi sun shigo, Ingila ta kafa dokokin taƙaita talla a kan gine-gine bayan yaƙin duniya na biyu, sannan tallar talabijin ta fara a can a 1955.

Babu wanda ya yi waɗannan rubuce-rubuce don su daɗe. Kwangila ce ta shekara ɗaya ko 'yan shekaru. Waɗanda suka tsira, sakaci ne ya tsirar da su, ko kuwa wani gini da aka tayar a gefensu ya kare su daga rana da ruwa, sai ranar da aka rushe shi su bayyana. Nan darajarsu take. Mutum-mutumi da allon tunawa da sunan titi duk masu iko ne suka zaɓi abin da za a tuna. Tsohuwar talla kuwa shaida ce da ba a shirya ba. Tana faɗin abin da mutanen unguwa ke ci, da abin da ke damunsu, da abin da suke tsoro, da irin ƙaryar da ke shigarsu. Tallar York, alal misali, ba da maganar siranta maganin ya fara ba; da ciwon ciki da kasala ya fara, sai daga baya, wajen shekarun 1930, aka karkata ga mata da batun rage ƙiba. Jimla ɗaya a bango ta adana lokacin da ƙiba ta tashi daga alamar wadata ta koma abin kunya a wannan ƙasa.

A 2006 wani ma'aikacin harkar talla a Landan, Sam Roberts, ya ɗaga kai a unguwar Stoke Newington ya ga wani dusasshen rubutu da ke cewa ana gyaran alƙalamin tawada a nan. Abin da ya tsayar da shi shi ne tunanin cewa an yi zamanin da alƙalami ke lalacewa a kai shi wurin gyara, har mai gyaran ya samu abin biyan mai fenti. Daga nan ya shiga ɗaukar hotuna, kuma a 2010, tare da wata cibiyar adana tarihin talla da 'yan sa-kai, aka buɗe taskar hotunan ɗaruruwan irinsu daga sassan ƙasar. A 2023 hukumar kula da wuraren tarihi ta Ingila ita ma ta buɗe taswira a intanet ta nemi jama'a su saka waɗanda suka sani.

Amma inda maganar ta fi ƙarfin sha'awa ta zama ta rai da mutuwa shi ne Lviv, a yammacin Yukiren. Birnin ya zauna ƙarƙashin daular Ostiriya daga 1772 zuwa 1918, sannan ya zama na Folan, Tarayyar Sobiyet ta karɓe shi a 1939, Jamus ta mamaye shi a 1941, Sobiyet ta dawo a 1944. Kafin yaƙi mafi yawan mazaunansa 'yan Folan ne, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma Yahudawa, sama da mutum 100,000. 'Yan Nazi suka hallaka kusan dukkan Yahudawan. Bayan yaƙi aka kwashe 'yan Folan zuwa yamma, aka kawo wasu mutanen, aka sauya sunayen tituna, aka shafe bangaye da sabon yaɓe. Cikin 'yan shekaru gine-ginen suna nan amma garin ya zama wani. To, yaɓe ba ya dawwama. Da ya fara ɓamɓarewa sai ga rubutu yana fitowa a gefen ƙofofin tsofaffin kantuna: madara, burodi, shayi, huluna, da harshen Folan, da Jamusanci, da kuma Yidish, harshen Yahudawan gabashin Turai wanda ake rubutawa da baƙaƙen Ibraniyanci daga dama zuwa hagu kamar ajami. Mai kantin bai rubuta harsuna biyu ko uku don ya koyar da zaman tare ba. So yake kowa ya shigo ya saya. Amma yau jerin kayan masarufinsa na daga cikin abin da ya rage a fili, a kan titi, da ke nuna cewa waɗannan mutane sun taɓa zama maƙwabta, suna sayen madara a ƙofa ɗaya. Wanda ya shafe irin wannan rubutu da fenti ya ƙarasa aikin da wasu suka fara. Wanda kuma ya bi shi da sabon burushi ya fito da shi raɗau, ya mai da shi kwalliyar gidan shan gahawa, shi ma bai bar shaidar yadda ya same ta ba.

Nan ne masu son waɗannan bangaye suka rabu biyu. Ɓangare ɗaya na cewa rubutun da ba a sabunta ba ƙarshensa ɓacewa, kuma gara kwafi mai kyau da bango wayam. Ɗaya ɓangaren na cewa da zarar sabon fenti ya hau, abin da ake kallo ba aikin mai fentin farko ba ne, aikin na bara ne. An rufe sawun burushinsa, an binne tallace-tallacen da ke ƙasa, an kuma zaɓi shekara ɗaya daga rayuwar bangon an ce ita ce gaskiya. Rigimar ta girmi tallar bango. John Ruskin ya yi ta a 1849 kan tsofaffin majami'u, inda ya ɗauki abin da ake kira maidowa a matsayin mafi munin rushewa, domin rushewa ce da ke zuwa da ƙaryar cewa abin yana nan. William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877 a kan wannan ra'ayi. Yarjejeniyar Venis ta 1964, wadda masana adana gine-gine ke komawa gare ta har yau, ta ce gyara ya tsaya inda zato ya fara, kuma duk abin da aka ƙara ya kasance ana iya bambanta shi da na asali.

Ɓangare na biyu ya fi gaskiya, kuma akwai dalilin da ya wuce na Ruskin. Majami'ar da aka sabunta tana nan majami'a. Tallar da aka sabunta kuwa ta koma talla. A garin Cartersville na jihar Jojiya akwai bangon wani kantin magani da aka rubuta wa tallar Coca-Cola a 1894, wadda ake ɗauka ita ce ta farko irinta ga kamfanin. A 1989 aka kankare fenti hawa 25 aka kai gare ta, aka gyara ta. Aiki ne na ƙwarewa, babu shakka. Sai dai lemon yana nan a kasuwa, kuma bangon yana yi masa abin da aka rubuta shi ya yi, yanzu da rigar tarihi a kansa. Haka manyan rumbunan katako na gonakin Amurka da kamfanin Bloch Brothers ya riƙa rubuta wa tallar tabar taunawa ta Mail Pouch tun 1891, yana ba manomi 'yan kuɗi kaɗan da fentin kyauta. Dokar ƙawata manyan hanyoyi ta 1965 ta taƙaita alluna a bakin titi, amma a 1974 aka yi mata gyara aka keɓe irin waɗannan a matsayin alamomin tarihi. Mai fentinsu na ƙarshe, Harley Warrick, wanda ya ƙiyasta cewa ya rubuta ko ya sabunta kimanin 20,000, ya ajiye burushi a farkon shekarun 1990. Hannunsa abin adanawa ne. Amma tallar taba da ta dusashe tana ba da labarin wani zamani ne, wadda aka sabunta kuwa tana kiran yaro ya tauna. Dusashewar ita ce ke zare wa talla dafinta, ta bar ta a matsayin shaida.

Masu sabuntawa suna da abin cewa, kuma ba ƙarami ba ne. Mutanen York ba masana adana gine-gine ba ne. Mutane ne da suka tashi suna wucewa ta gaban wannan bango zuwa makaranta, suna yin kwatance da shi, suna dariyar alkawarinsa. Abin da suka biya wa kuɗi shi ne kada wata rana su ɗaga kai su ga babu. Bile Beans kuma ba ya da sauran wanda zai yaudara. Idan akwai inda sabuntawa ta fi sauƙin yafewa, to nan ne. Sai dai a kira abin da sunansa: bangon York na yanzu abin tunawa ne da aka yi wa wata talla, ita kanta tallar tana ƙarƙashinsa.

Tsakanin bari da sabuntawa akwai hanyoyin da suka fi wuya, suka kuma fi tsada. A Fort Collins na jihar Kolorado, wata tallar bango ta 1958 ta samu kulawa a 2011 irin wadda ake yi wa tsohon zane a gidan tarihi: aka wanke ta a hankali, aka gyara simintin da ke tsakanin bulo, aka liƙe fentin da ke ɓarewa, aka bar ta da dusashewarta. A Paris, wasu tallace-tallace biyu na 1908 da suka bayyana a titin Martyrs a 2012, ɗaya ma ta kamfanin fenti ce, an sa su cikin jerin abubuwan tarihi da doka ke karewa. Wani mai fasaha ɗan Amurka, Craig Winslow, tun 2016 ya ɓullo da wata dabara: ya binciko yadda rubutun yake a da, ya zana shi a kwamfuta, da dare ya haska shi da fitila a kan bangon, hawa bayan hawa, kowace talla ta fito ta koma. Gari na wayewa bango yana yadda yake, ko ɗigon fenti bai taɓa shi ba.

Ko waɗannan hanyoyin jinkiri kawai suke saye. Yawancin bangayen na masu gida ne, kuma mai gida yana da ikon rushewa, ko fasa taga a tsakiyar harafi, ko rufe gefen gidansa da abin hana sanyi, buƙatar da ba wanda zai ce ba ta da hujja. Wanda ya fi kowa fahimtar wannan wataƙila shi ne Frank Jump na New York. A 1986, yana da shekara 26, aka gano yana ɗauke da cutar ƙanjamau, a lokacin da jin haka kamar jin ranar mutuwa ne. A 1997 ya ga wata tsohuwar tallar man zafi mai suna Omega Oil a unguwar Harlem, ya ɗauki hotonta, ya ci gaba da bin irinta a faɗin birnin har suka zama littafi a 2011. Abin da ya ja shi gare su, kamar yadda ya sha bayyanawa, shi ne sun wuce wa'adin da aka ɗiba musu, kamar shi. Bai nemi a sabunta su ba. Da yawa daga cikin waɗanda ya ɗauka yanzu a hotunansa kaɗai suke.

Garuruwan ƙasar Hausa ma sun san rubutun bango. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant da CFAO, daga baya UAC, suka kafa kantuna da sito-sito a Kano da Zariya da Jos da Gusau, kuma bayansu aka yi zuriya guda ta masu rubutun allo da burushi, waɗanda suka rubuta sunan tela da mai aski da mai gyaran rediyo, suka ƙawata bayan manyan motoci. Aikinsu bai samu taska ba, bai samu taswira ba. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya tana ba da damar ayyana gini a matsayin abin tarihi, amma ganuwar Kano kanta, da duk girmanta, ana cin ta da gini, balle sunan kanti a jikin sito. Zafin rana da ƙurar hunturu da yaɓen siminti suna gama aikinsu da sauri, abin da suka rage kuma launin kamfanin waya ko na ɗan takara ya hau kansa.

Mai rubutun allo kuwa na'urar buga leda ta karɓe masa ciniki. Yau mai kanti kan aika sunansa ta waya da safe, kafin la'asar a kawo masa fileks mai hoto da lambar waya, da kuɗin da bai kai na mai burushi ba. Ba laifinsa ba ne. Sai dai ledar ba ta shiga bango. Damina biyu ko uku ta yi fari, iska ta yage ta, yara su kwashe guntayen. Idan kantin ya tashi, abin da ke saura a wurin shi ne ƙusa huɗu da wani murabba'i da ya ɗan fi sauran bangon haske.